Binciken Haɗarin Jiragen Soja: Wa Ke Yinsa, Kuma Ina Huruminsa Ya Tsaya?

Idan jirgin fasinja ya faɗi, dokar ƙasa da ƙasa ta riga ta tsara wanda zai yi bincike, da hanyar da zai bi, da wa'adin fitar da rahoto. Idan jirgin soja ne, kowace ƙasa da nata tsarin. A ƙasashe da yawa, rundunar da ta mallaki jirgin ce take naɗa kwamitin bincike, ita take zayyana masa tambayoyin da zai amsa, ita kuma take yanke shawarar ko jama'a za su ga rahoton. Abubuwa biyu ne ake auna ƙimar irin wannan bincike da su: 'yancin masu binciken daga manyan da lamarin ya shafa, da faɗin hurumin da aka ba su.

Tushen bambancin

Dokokin sufurin sama na duniya sun samo asali daga Yarjejeniyar Shikago, wadda aka rattaba wa hannu ranar 7 ga Disamba, 1944, kuma daga gare ta aka kafa hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Sashe na 3 na yarjejeniyar ya taƙaita ta ga jiragen farar hula, ya kuma ware jiragen da ke aikin soja da kwastan da 'yan sanda a matsayin jiragen gwamnati waɗanda ba ta hau kansu ba.

A shekarar 1951 aka amince da Rataye na 13 na yarjejeniyar, wanda ya shimfiɗa ƙa'idodin binciken haɗari. Babbar ƙa'idarsa ita ce manufar bincike guda ɗaya ce tak, wato hana irin haɗarin sake aukuwa. Ɗora laifi da biyan diyya aikin kotu ne. Ya tanadi cewa ƙasar da abin ya auku a cikinta ita ke jagoranci, ƙasar da ta yi wa jirgin rajista da wadda ta ƙera shi su turo wakilai. Ana fitar da rahoton farko cikin kwana 30, a kuma wallafa na ƙarshe cikin wata 12 idan ya yiwu. Hukumar da ke binciken dole ta kasance daban da hukumar da ke ba jirage lasisi da sa musu ido.

Tarihin hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ya nuna dalilin wannan sharaɗi na ƙarshe. An kafa ta a 1967 a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, inda hukumar kula da jiragen sama take ita ma. A 1974 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta cire ta daga ma'aikatar baki ɗaya, domin sau da yawa bincike yakan kai ga aikin ita kanta ma'aikatar. Babu wata yarjejeniyar duniya da ta ɗora wa soja irin wannan sharaɗi.

Dalilan da soja ke riƙe da bincikensa

Rundunoni suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko shi ne sirri. Tarkacen jirgin yaƙi na iya ƙunsar na'urorin leƙen asiri, da makamai, da hanyoyin sadarwa da ba a son abokan gaba su san su. Na biyu ƙwarewa ce. Matuƙin soja yana tashi ƙasa-ƙasa tsakanin duwatsu, yana tafiya da dare da tabarau na gani cikin duhu, yana shan mai daga wani jirgin a sararin sama, yana jeruwa da 'yan'uwansa fiffike kusa da fiffike. Wanda ya ƙware a jiragen fasinja kaɗai ba zai iya auna kuskure a irin wannan aiki ba, shi ya sa hafsoshi kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na uku shi ne fagen fama. Wani lokaci tarkacen yana wurin da farar hula ba zai iya zuwa ba, kuma tambayar farko ita ce ko faɗowa jirgin ya yi ko harbo shi aka yi. Jirgin yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet da 'yan bindiga suka harbo a yankin Zamfara a watan Yuli na 2021, wanda matuƙinsa ya fice ya tsira, misali ne na abin da ya fi kusa da asarar yaƙi fiye da haɗari. Na huɗu gaggawa ce. Idan matsalar ta inji ce, sauran jirage irinsa suna bakin aiki, kuma kwamanda yana bukatar amsa cikin kwanaki domin ya san ko zai dakatar da su.

Duk da haka, asarar da ake yi ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba tana da yawa. Wani kwamitin ƙasa da majalisar dokokin Amurka ta kafa ya ba da rahoto a Disamba 2020 cewa tsakanin 2013 da 2018 haɗurran jiragen soja da ba na yaƙi ba sun haura 6,000, sun kashe mutum 198, sun hallaka jirage 157, sun kuma ci fiye da dala biliyan 9. Irin waɗannan haɗurra kan samo asali daga horo, da gyara, da kayan gyara, da gajiyar ma'aikata, kuma duk waɗannan abubuwa ne da manyan runduna ke yanke shawara a kansu. A nan matsalar take. Jami'in da ke shugabantar kwamitin bincike yakan kasance ƙasa da waɗanda ya kamata ya bincika, ƙarin girmansa kuma yana hannunsu.

Darasin Chinook: idan manya ke da ta cewa ta ƙarshe

Ranar 2 ga Yuni, 1994, wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook na rundunar sojin saman Birtaniya ya daki tsauni cikin hazo a Mull of Kintyre da ke Sikotlan. Dukan mutum 29 da ke ciki sun mutu, akasarinsu manyan jami'an leƙen asiri da ke aiki a Ailan ta Arewa. Jirgin ba shi da akwatin naɗar bayanan tafiya, ba shi kuma da na naɗar muryar matuƙa. Kafin haɗarin, cibiyar gwajin jiragen soja ta Boscombe Down ta riga ta nuna damuwa game da manhajar da ke sarrafa man injin wannan samfuri.

Kwamitin binciken rundunar bai samu matuƙan da sakaci ba. Amma tsarin wancan lokaci ya ba manyan hafsoshi ikon duba rahoton su rubuta nasu hukunci a kansa, kuma biyu daga cikinsu suka yanke cewa matuƙan, Jonathan Tapper da Richard Cook, sun yi mummunan sakaci. Dokar rundunar kanta ta ce ba a samun mamaci da sakaci sai idan babu ko ƙwayar shakka. Iyalan matuƙan suka yi shekaru suna neman a sake duba lamarin. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya ce a 2002 hukuncin ba shi da madogara, ma'aikatar tsaro ta ƙi janyewa. Sai a Yuli 2011, bayan bitar da wani tsohon alƙali, Lord Philip, ya jagoranta, aka soke hukuncin, ministan tsaro Liam Fox ya nemi gafarar iyalan. Shekara 17 ke nan bayan haɗarin.

Abin da wannan shari'a ta fito da shi fili shi ne cewa 'yancin kwamiti bai cika ba matuƙar wani na sama zai iya sauya sakamakonsa. Ta kuma nuna sauƙin ɗora laifi a kan matuƙin da ya mutu, tunda ba ya nan balle ya kare kansa, kuma hukuncin yakan rufe ƙofar tambaya game da jirgin da waɗanda suka amince ya tashi.

Darasin Nimrod: faɗin hurumi

Ranar 2 ga Satumba, 2006, jirgin sintiri na Birtaniya samfurin Nimrod ya kama da wuta jim kaɗan bayan ya sha mai a sama, ya tarwatse kusa da Kandahar a Afganistan, sojoji 14 suka mutu. Kwamitin rundunar ya gano dalilin kusa: mai ya tsiyaya ya taɓa wani bututu mai tsananin zafi. Hurumin kwamitin bai kai ga tambayar da ta fi wannan girma ba, wato yadda aka yi jirgi mai irin wannan haɗari ya samu shaidar lafiya.

Gwamnati ta naɗa wani babban lauya daga wajen soja, Charles Haddon-Cave, ta ba shi hurumi mai faɗi. Rahotonsa na Oktoba 2009 ya gano cewa aikin tantance lafiyar jirgin da aka yi tsakanin 2001 da 2005 cike yake da kurakurai, kuma da an yi shi yadda ya kamata da an ga haɗarin tun da wuri. Ya soki kamfanonin BAE Systems da QinetiQ da ita kanta ma'aikatar tsaro, ya ambaci sunayen mutum 10, ya kuma danganta lamarin da shekarun tsuke bakin aljihu da yawan sauye-sauyen tsari da suka biyo bayan bitar harkokin tsaro ta 1998, inda batun kuɗi ya rinjayi batun lafiyar jirage.

Masana kariya suna kallon haɗari a matakai. A ƙasa akwai abin da matuƙi ko makanike ya yi a ranar. Sama da shi akwai yanayin da ya yi aikin a ciki, kamar gajiya, ko ƙarancin sa'o'in horo, ko rashin kayan gyara. Sama da wannan akwai masu sa ido da suka tsara aikin. A can ƙoli akwai kasafin kuɗi, da sayen jirage, da kwangilar gyara. Takardar da ke kafa kwamiti ita ke faɗin matakin da zai tsaya. Idan ta taƙaita shi ga abin da ya faru daga tashi zuwa faɗuwa, kusan koyaushe amsar takan ƙare a kan matuƙi, ko yanayi, ko wani ƙarfe da ya karye, dalilan da ke sama kuma su ci gaba da zama.

Raba neman dalili da neman mai laifi

Makaniken da ya san maganarsa za ta iya kai shi kotun soja ba zai faɗi cewa ya tsallake wani mataki na gyara ba. Domin magance wannan, rundunar sojin saman Amurka takan kafa kwamiti biyu kan babban haɗari guda. Na farko na kariya ne. Yana aiki da sauri, kamar cikin wata ɗaya, yana iya yi wa shaidu alkawarin sirri, kuma ba a amfani da nazarinsa wajen ladabtarwa ko shari'a. Na biyu na doka ne. Shaidu suna rantsuwa a gabansa, rahotonsa ana ba iyalan mamata, ana kuma sakin sa ga jama'a. Dokar ƙasar ta bukaci akasarin 'yan kwamiti su fito daga wajen sashen da jirgin ya fito. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1984 cewa bayanan sirri da shaidu suka ba kwamitin kariya ba za a tilasta fitar da su ta dokar 'yancin samun bayanai ba.

Tsarin yana da amfani, yana kuma da masu suka. Rahoton da ya fi zurfi shi ne wanda jama'a ba sa gani, dukan kwamitocin biyu kuma na rundunar ne. Saboda haka wanda ke waje ba shi da hanyar kwatanta abin da aka gano da abin da aka sanar.

Sirrin ƙasa da haƙƙin iyalai

Shari'ar da ta fi shahara kan wannan batu ta taso daga faɗuwar jirgin yaƙi samfurin B-29 a jihar Jojiya ta Amurka a Oktoba 1948, yana gwajin wasu na'urori na sirri. Matan wasu injiniyoyi farar hula uku da suka mutu a ciki suka kai ƙara, suka nemi rahoton haɗarin. Gwamnati ta ƙi bayarwa, ta ce zai tona asirin ƙasa, kuma a 1953 Kotun Ƙoli ta goyi bayanta ba tare da alƙalai sun karanta rahoton ba. A shekarar 2000 'yar ɗaya daga cikin mamatan ta samu rahoton bayan an cire shi daga jerin takardun sirri. Babu bayanin na'urorin a cikinsa. Abin da ya ƙunsa shi ne gobarar inji da gyare-gyaren da aka umarta amma ba a yi ba. Kotunan da aka koma daga baya sun ƙi sake buɗe shari'ar.

Ƙasashen da suka gyara tsarinsu sun bi hanya ta tsakiya. Ana wallafa rahoto, a shafe sassan da suka shafi makamai da dabarun yaƙi da sunayen ƙananan ma'aikata, a bar dalilan haɗarin da shawarwarin gyara a fili.

Inda hurumi biyu ke karo

Wani haɗarin yakan haɗa soja da farar hula. Ranar 29 ga Janairu, 2025, jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka samfurin Black Hawk ya yi karo da jirgin fasinja a saman kogin Potomac a birnin Washinton, mutum 67 suka mutu. Da yake akwai jirgin farar hula a ciki, hukumar NTSB ce ta jagoranci binciken, ta saurari shaidu a bainar jama'a, ta kuma duba aikin soja da na masu kula da zirga-zirgar jirage a lokaci guda.

Idan abin ya auku a wata ƙasa, sai yarjejeniyoyin tsaro su shigo. Ranar 3 ga Fabrairu, 1998, jirgin sojan Amurka da ke tashi ƙasa-ƙasa ya tsinke igiyar keken hawa dutse a Cavalese ta Italiya, mutum 20 suka mutu. Masu gabatar da ƙara na Italiya sun so gurfanar da matuƙan, amma yarjejeniyar ƙawancen NATO ta 1951 ta ba Amurka hurumin shari'ar. Kotun soja ta wanke matuƙin daga laifin kisa a 1999, daga baya aka same shi da abokin aikinsa da laifin ɓatar da faifan bidiyon tafiyar.

Haɗarin Smolensk ya nuna abin da siyasa ke yi wa bincike. Ranar 10 ga Afrilu, 2010, jirgin sojan saman Poland ɗauke da Shugaba Lech Kaczyński ya faɗi cikin hazo kusa da Smolensk a Rasha, mutum 96 suka mutu. An bi Rataye na 13 duk da cewa jirgin na soja ne. Rahoton Rasha na Janairu 2011 ya ɗora nauyin a kan ɓangaren Poland. Rahoton Poland na Yuli 2011 ya amince da kurakuran matuƙa da raunin horo, ya ƙara da gazawar jami'an filin jirgin na Rasha. Ministan tsaron Poland ya yi murabus, aka kuma rushe sashen da ke jigilar shugabanni. A 2016 sabuwar gwamnati ta kafa wani kwamiti da ya yi iƙirarin fashewa ce ta jawo haɗarin, gwamnatin da ta biyo baya ta rushe shi a ƙarshen 2023.

Tsare-tsaren da ƙasashe suka ɗauka

Bayan rahoton Nimrod, Birtaniya ta kafa hukumar sa ido kan jiragen soja a 2010, sannan a 2015 ta kafa hukumar kariya ta ma'aikatar tsaro mai sashen binciken haɗurra na dindindin. Shugaban wannan hukuma ne ke naɗa kwamiti kan manyan haɗurra, ba kwamandan da ya yi asarar jirgin ba, kuma ana wallafa rahotanni.

Faransa tun 2003 take da ofishin dindindin na binciken haɗarin jiragen gwamnati, wanda ake kira BEA-É tun 2018. Yana ƙarƙashin ministan tsaro kai tsaye, ba ƙarƙashin hafsoshin rundunoni ba, kuma huruminsa ya haɗa da jiragen jandarma da kwastan da masu kashe gobara. Shi ne ya binciki karon jirage biyu masu saukar ungulu na Faransa a Mali ranar 25 ga Nuwamba, 2019, inda sojoji 13 suka mutu, ya kuma wallafa rahotonsa a Janairu 2021.

Holan ta fi nisa. Hukumar kariya ta ƙasar, wadda ta fara aiki a 2005, ta farar hula ce zalla, kuma doka ta ba ta ikon bincikar haɗurran soja. Rahotonta kan fashewar wani makamin atilare da ya kashe sojojin Holan biyu a Kidal ta Mali a 2016 ya soki yadda aka sayi makamin da yadda aka adana shi, kuma ministar tsaro ta yi murabus a Oktoba 2017.

Najeriya da Gana

Najeriya ta sha asarar manyan mutane a jiragen soja. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashi daga Legas, fiye da mutum 150 suka mutu, da yawansu hafsoshi ne masu kwas a kwalejin Jaji. A Satumba 2006 jirgin Dornier ya faɗi a jihar Binuwai da janar-janar a ciki. Ranar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu na sojin ruwa ya faɗi a Bayelsa, Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi na cikin waɗanda suka rasu. Al'adar rundunonin ita ce naɗa kwamitin cikin gida da ke miƙa rahoto ga shugabanninsu.

An ga wani sauyi a 2021. Bayan jirgin King Air ya faɗi a Abuja a Fabrairu da mutum 7, wani irinsa ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayu, Babban Hafsan Sojin Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum 10 suka rasu. A wannan karo an gayyaci hukumar binciken haɗarin jiragen farar hula, AIB, ta jagoranci aikin, kuma a Satumba ta miƙa rahoton wucin gadi ga Babban Hafsan Sojin Sama. Gayyata ce ta shigar da ita, ba wajibcin doka ba, rahoton kuma hannun rundunar ya koma. Dokar 2022 ta mayar da AIB zuwa hukumar NSIB, ta faɗaɗa aikinta zuwa jiragen ƙasa da na ruwa.

A Gana, jirgi mai saukar ungulu na sojin sama ya faɗi a yankin Ashanti ranar 6 ga Agusta, 2025, a hanyarsa daga Akara zuwa Obuasi. Mutum 8 suka rasu, har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Kwamitin binciken ya haɗa soja da ƙwararrun hukumar farar hula, ya kuma bayyana sakamakonsa ga jama'a a Nuwamba, inda ya danganta faɗuwar da iska mai danna jirgi ƙasa cikin mummunan yanayi.

Bayan an rubuta rahoto

Kowane rahoton kariya yakan ƙare da shawarwari: a sauya wani ƙarfe, a ƙara sa'o'in horo, a saka akwatin naɗar bayanai a jiragen da ba su da shi, a gyara ƙa'idar tashi cikin hazo. Kwamitin wucin gadi yakan watse da zarar ya miƙa aikinsa, 'yan kwamitin su koma sassansu, babu mai bibiyar abin da aka aiwatar. Ofishin dindindin yana ajiye kundin shawarwari, yana neman amsa a rubuce daga sashen da aka ɗora wa kowace, yana kuma kwatanta sabon haɗari da na baya domin gane matsalar da ke maimaituwa. Majalisar dokoki, wadda ke amincewa da kasafin tsaro, ita ce ke da ikon tambayar runduna shawarwari nawa ta karɓa, nawa ta aiwatar, da dalilin barin sauran.